Mode, Wanda Ya Yi wa Maɗaci Ɗori

Duk safiyar da aka yi yanka a Magarya, mai neman Mode Maɗori kada ya ɓata ƙafarsa zuwa gidansa. Ya nufi bayan kasuwa, inda mahauta ke fiɗa. Can zai ishe shi a tsugune, ya naɗe hannun riga, ƙudaje na yi masa rakiya, yana jiran Halliru Sarkin Fawa ya jefo masa ƙafar akuya. Ba don miya yake karɓa ba. Sai ya zaro 'yar askarsa ya shiga ɓare ta a hankali, yana leƙawa, yana magana shi kaɗai.

Halliru taubashinsa ne, ba ya raga masa.

"Mode, mi kaka biɗa cikin ƙahwar akuya? Tun muna samari kake tonon ta, har yau ba ka ishe zinariya ba."

"Riƙa nan, Sarki. Ja wagga igiya."

Halliru ya ja wata farar jijiya da ta leƙo daga saman ƙafar. Kofaton ya lanƙwashe kamar akuyar na da rai.

"Ka gani? Tsoka na can bisa, kohwato na nan ƙasa. Wagga ita ka kai ƙarhi daga can zuwa nan."

"Na gani. Kawo in sa ta tukunya, mu ga ko ta ja kanta ta hito."

Daga nan Mode ya wanke hannu, ya koma zaurensa, inda masu karaya da masu targaɗe ke jiransa. Da la'asar ya sauka fadama yankan kara da rama na ɗori. Haka yake tun da na san shi har bara, kuma na san shi tun ba shi da gemu.

Bana hannunsa ya soma rawa. Ya ajiye ɗori, ya miƙa wa ɗan ƙanensa Abdulƙadiri, wanda shi ma furfura ta fara masa. Makaɗa ba su san ƙofar gidan Mode ba. Ba a naɗa masa rawani ba. Ni kuwa ban saba yabon mutum ba, don sau da yawa in ka yabi mutum da safe, kafin la'asar ya ba ka kunya. Wannan na jira ya ba ni kunya har muka tsufa, bai ba ni ba. Don haka zan faɗi abin da na gani.

Mu masu ci, duk abin da ke jikin dabba, in ban da ƙashi da fata, nama muke ce masa. Mode ya ce wannan maganar mai yunwa ce. Jiki gari ne, in ji shi, kowa da sana'arsa. Tsoka ja kawai ta iya, ba ta turi, shi ya sa gaɓa take da tsoka gaba da baya, wannan ta ja ta naɗe, waccan ta ja ta miƙe. Guringuntsi yana bakin ƙashi ne don kada ƙashi ya ci ɗan'uwansa. Kitse rumbu ne, ajiyar rani. Ɓargo kuwa har yau yana zarginsa da wani aiki da yake ɓoye masa.

Abin da muke kira jijiya da suna ɗaya, shi iri uku ya gani. Akwai fara mai tauri, wadda Halliru ya ja. Akwai mai rami, da jini ke bi. Akwai wata siririya mai laushi, ba rami, ba ƙarfi. Wannan ta daɗe tana damunsa, sai ranar da aka kawo masa wani makiyayi da gatari ya kufce ya sare shi a gwiwar hannu. Rauni ya warke, hannu na ɗagawa, amma ƙananan yatsu biyu ba su jin wuta, ba su jin ƙaya. Mode ya je mahauta ya nemi siririyar nan a hannun rago, ya bi ta da aska har ƙasa, ya ce, "Ashe ke ce mai kai labari."

Ya kuma roƙi mahauta, duk dabbar da suka yanka wadda ta taɓa karyewa ta warke, su ajiye masa ƙashin. Yana tsagawa yana dubawa. A nan ya ga ƙashi na da riga, wani tantani siriri da ke manne a bayansa, kuma ƙullutun da ke haɗa karaya daga ƙarƙashin rigar nan yake tasowa. Tun daga ranar ya bar murzar karaya da ƙarfi yadda ya gada. Ya ce in ka yage rigar, ka kori mai ɗinkin.

Kai ne, Mode, aka kawo maka masunci daga Goronyo a kan gadon kara, ƙafarsa ɗaure tam, yatsun sun yi sanyi sun fara baƙi. 'Yan'uwansa suka ce ɗauri mai tsanani shi ke kamawa. Ka kwance igiyar suna yi maka ihu a ka. Ka ce musu sun ɗaure ƙashi sun shaƙe jini. Yau mutumin yana shiga gulbin Rima da komarsa, da ƙafa biyu.

Kai ne kuma aka kawo maka ɗan wata mata daga Rabah, ƙashi ya huda fata, wurin ya soma wari. Ka sunkuya ka shaƙa, ka ce wannan ba naka ba ne, a kai shi asibitin Sakkwato. Ka ba su jakinka. Wasu suka ce Mode ya ji tsoro. Mutumin yana nan, yana ɗingishi, yana noma.

To, mai irin wannan hali ba ya tsayawa a kan dabba. Tun da kara da rama kayan aikinsa ne, sai ya juyo musu da tambaya. Don me kara ke da tauri a baya, laushi a ciki? Ta ina ruwa ke kai ga ganyen da ke can sama? Wata rana ya karɓo jan ruwan karan dafi wurin dukawa, ya yanko ɗanyen karan dawa da ganyensa, ya tsoma gindin a ciki, ya bar shi a rana. Da la'asar ya datse karan. Cikin farar totuwa sai ga jajayen ɗigo-ɗigo. Ya tsaga ta tsaye, sai ga su zare-zare, sun miƙe sama. Ya bi gari yana nuna wa mutane kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ya zo wurina.

Na duba na ce, "To, sai mi?"

"Sai mi? Ruwa na hawa bisa, ba guga, ba igiya! Wa ka jan shi?"

Na ce ya tafi ya ba ni wuri. Amma na wuni ina duban karan darnina.

Bai tsaya nan ba. Ya je ga tsamiyar gidansa, ya zaɓi reshe guda, ya zare masa ɓawo kewaye kamar zobe. Ganyen reshen bai yi yaushi ba. Ashe ruwa ba ta ɓawo yake hawa ba, ta cikin icce yake bi. Amma da aka kwana biyu, leɓen ɓawo na sama ya kumbura, na ƙasa ya tsaya yadda yake. Wani abu ke nan yake saukowa daga ganye ta cikin ɓawo, ya ishe an datse hanya, ya taru. Mode ya ce icce hanya biyu gare shi, ta hawa a ciki, ta sauka a ɓawo. Ruwa na hawa ga ganye, abinci na sauka ga saiwa. Mutane suka ce Mode ya fara hira da itatuwa, a yi masa addu'a.

Wannan sanin da aka yi wa dariya shi ya tsaya tsakanin wani mutum da gidan yari.

Shekaru kaɗan ne bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama. A bakin garinmu, inda hanyar Wurno ke shigowa, akwai wani maɗaci da mutum biyu ba su rungume shi. Nan nake zama. Kowa ya san dokar daji da Turawa suka kawo: maɗaci na cikin itatuwan da ba a sarewa, ba a kashewa, sai da izini. Wanda ya kashe, sai gaban alƙali, daga nan sai ɗauri.

Akwai wani mutumin Boyekai da ya zauna cikinmu, Atiku, mai tufkar igiya. Duk rayuwarsa da kuka yake aiki. Kuka kuwa kowa ya san halinta. Ana zare mata ɓawo kewaye, daga tsayin mutum har ƙasa, ta yi wani sabo, bayan shekaru a dawo a sake zarewa. Da bazarar nan matarsa Kulu ta kwanta da zazzaɓin da ya ƙi tafiya. Aka ce ta sha sassaƙen maɗaci, ta yi wanka da shi. Sauran mutane in suna son sassaƙe, gatari suke kai wa iccen nan da can, su bar shi da tabo. Atiku gwani ne, ya raina irin wannan aiki. Ranar wata Juma'a, muna masallacin Wurno, ya ja layi sama, ya ja layi ƙasa, ya zare ɓawon kewaye, faɗin taƙi guda, yadda yake yi wa kuka.

Muka dawo muka ishe maɗaci da farar ɗamara. Mode ya kewaya shi yana shafawa.

"Wa yay yi wanga aiki?"

"Ni na, Baba Mode. Ka ga tsabta? Ko tsaga babu."

"Aiki ya yi kyau, Atiku. Ka yanke mai maƙoshi."

"Haba, Baba! Kuka nawa niy yi ma haka? Ga su can tsaye."

"Wanga maɗaci na, ba kuka ba."

Ba a daɗe ba malamin daji ya iso bisa kekensa. Malam Zayyanu sunansa, ɗan Rabah. Mutum ne madaidaici, ba ya cin kazar kowa, ba ya kuma kau da kai ga abin da ya gani. Ya jingine keken, ya dubi ɗamarar, ya ce iccen ya mutu, wanda ya yi ya shirya bin sa. Atiku ya nuna masa ganye kore shar. Malam Zayyanu ya ce ganyen zai ruɗe mu damina guda, don ruwa na hawa, amma saiwa ba ta samun abinci, in ta cinye ajiyarta sai ta bushe.

Mode ya yi tsalle kamar yaro. "Ashe ku ma kun gani! Malam, don Allah hwaɗa mini, mi ka sauka cikin ɓawon? Ruwa-ruwa na, ko ƙaro?"

Na ce, "Mode, ana batun ɗaure mutum."

Ya ankara. Ya dubi Atiku, wanda ya zauna a ƙasa. Sa'an nan ya ce, "Malam, ba a yi ma mai numfashi jana'iza. Ba ni iccen in yi mai ɗori."

Jama'a suka yi dariya. Malam Zayyanu bai yi ba. Ya ce lokacin da aka kai su koyon aiki Zariya, ya ga yadda ake auren mangwaro. Ana fiƙe ɗan reshe a cusa shi ƙarƙashin ɓawon wani icce, su haɗe su zama ɗaya. Sirrin kuwa yana ga wani santsi-santsi da ke tsakanin ɓawo da icce. In na wannan bai taɓa na wancan ba, aure bai ɗauru ba.

"Tantani!" in ji Mode. "Shi ma riga garai, kamar ƙashi. To in na sa rassa su ƙetare raunin, kai bisa, gindi ƙasa, abinci ba shi bi ta kansu?"

"Ban taɓa ganin an yi ma maɗaci ba, Baba. Ban ce ba shi yiwuwa ba." Ya sake duban ɗamarar. "Na ba ka har faɗuwar damina ta biyu. In ya rayu, babu ƙara. In ya mutu, Atiku ya bi ni. Amma iyakar ƙasar da Faransa ka mulki na nan kusa. Wa ka tsaya mai?"

Kowa ya dubi ƙasa. Atiku baƙo ne, ba shi da dangi a garin.

Mode ya ce, "In ya gudu, ga ni."

Washegari suka fara. Aka hau aka yanko rassa masu kaurin yatsa daga maɗacin kansa. Mode ya fiƙe kowanne baki biyu kamar alƙalami. Sai da aska na hannunsa tambaya ta zo masa: reshe ya san sama da ƙasa? In an juya shi, yana aiki? Malam Zayyanu ya riga ya wuce rangadi wajen Goronyo. Mode ya tsaya yana juya reshen. Daga baya ya ce wanda bai sani ba ya tambayi iccen. Gefen gabas ya sa rassan yadda suka tsiro, kai sama. Gefen yamma ya juya su kai ƙasa. Yana ɗaga leɓen ɓawo da bakin aska, ya cusa, ya kafe da ƙayar aduwa. Atiku na tufka rama yana miƙa masa. Suka shafe wurin da yumɓu da kashin shanu, suka lulluɓe da zana saboda rana, suka kewaye da ƙaya. Ni aka bar wa korar awaki da masu neman sassaƙe. Na kore su.

Damina ta zo, maɗaci kore shar. Mutane suka ce Atiku bai yi laifi ba, Mode bai yi aiki ba, malamin daji kuma neman magana yake. Halliru duk lokacin da ya ga Mode sai ya ce, "Maɗori, yaya majinyacinka? Ya fara takawa?" Mode ya ce a jira.

Bayan an kai amfanin gona gida ya buɗe zanar. Ina tsaye. Rassan yamma, waɗanda aka juya, duk sun bushe kamar tsinken tsire. Na gabas wasu sun bushe, wasu kuwa sun yi kauri, bakinsu ya narke cikin ɓawo sama da ƙasa, ba ka gane inda aka cusa su. Mode ya sa yatsa ya bi ɗaya tun daga sama har ƙasa.

"Ya amsa," in ji shi. "Reshe ya san kainai da gindinai."

Ya so ya gyara yamma, amma ɓawon ƙasa na gefen nan ya riga ya ƙeƙashe, ya ƙi ɗaguwa. Ya ce da ya sani, da duk ya sa su kai sama. Bai ɓoye wa Atiku ba. Ya gaya masa rabin aikin ya lalace, sauran rabin bai san ko zai ishi icce mai wannan girma ba.

Bazara ta biyu ta zo da zafi. Rassan yamma suka zubar da ganye, ba su mayar ba. Suka fara karyewa suna faɗowa inda nake shimfiɗa buzuna. Gabas ma ganyen ya yi ƙaranci. Masu cewa babu abin da zai sami iccen suka bar faɗar haka. Atiku ya rame. Wata rana da azahar sai ga shi da sanda da gora, ya tsuguna gaban Mode a gindin maɗacin. Kulu na biye da shi. Ta warke tun tuni.

"Baba, ka gahwarce ni. Iccen ga ya tahi. Ni ban iya ɗauri."

Kulu ta ce, "Baba Mode, hwaɗa mai gaskiya. Ni nis sha ɗacin, ni niw warke, in ɗauri na a ɗaure ni. Amma in ya ƙetare Faransa ya bar tsoho da igiya a wuya, kada ya komo ya ce shina da mata."

Mode ya ce, "Ban riƙe ka ba, Atiku. Hanya ga ta. Sai dai in ka tahi, ba ka ganin ƙarshen abin. Kai ba ka son ka sani?"

"Baba, ni gidan yari nika tsoro, kai sani kaka biɗa!"

Atiku ya dubi hanyar, ya dubi Kulu. Sa'an nan ya ajiye gorar. Kulu ta ɗauke ta ta koma gida.

Ruwan fari ya sauka. Malam Zayyanu ya zo yadda ya ce, wannan karon da ɗan doka a bayansa. Gari ya taru. Can ƙoli, gefen gabas, akwai 'yan sabbin ganye jajaye-jajaye. Atiku ya nuna su da hannu biyu.

"Ga toho, Malam! Ga shi can!"

Malam Zayyanu ya ɗaga kai yana dubawa, kamar zai yarda. Sai Mode ya ce, "A'a, Malam. Ganye ba shaida ba na, ni da kai mun sani. Icce na toho da saiwa tana mutuwa. A tona ƙasa."

Atiku ya ɗora hannu a ka. "Baba Mode, kai ka kashe ni!"

"In ƙarya ta hid da kai yau, baɗi su komo. Kawo hauya."

Aka tona yamma. Saiwar farko da aka ishe, Malam Zayyanu ya sa wuƙa, ta ruguje, gara ta watse. Ɗan doka ya gyara tsayuwa. Aka koma gabas. Atiku ya kasa riƙe hauya, ni na karɓa na tona. Na ishe wata saiwa mai kaurin damtse. Malam Zayyanu ya tsuguna ya kankare bayanta. Cikinta ja, da danshi. Ya yanko ɗan kaɗan ya sa a baki. Fuskarsa ta yamutse, ya tofar.

"Ɗaci kamar mi," in ji shi. "Tana cin abinci." Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. "Ba a kai mutum gaban alƙali don iccen da ke da rai. Amma ka kashe mai rabi, Atiku. Za a ba ka dashen maɗaci, ka jera su bakin hanyar Wurno, ka ba su ruwa har su ƙi mutuwa."

Atiku ya faɗi ya kama ƙafar Mode yana kuka. Mode bai ma lura ba. Yana cikin ramin, ya sa ido ga saiwar, yana tambayar malamin daji ko saiwa ma na da irin santsin nan ƙarƙashin ɓawonta.

Maɗacin na nan. Ya karkata gabas, inuwarsa rabi ce, in rana ta juya sai in ja buzuna. Rassan da Mode ya cusa sun yi kauri kamar turame, matafiya na tsayawa suna tambayar wane irin icce ne mai ƙafafu a ciki. Atiku ya tsufa a cikinmu, 'ya'yansa sun yi aure a nan. Duk wanda ya zo ɗibar sassaƙe, shi ke tare shi ya nuna masa a yanka a tsaye, gefe guda, kada a kewaye.

Mode, mai hannun sanyi, kai ne ka tsaya wa baƙon da ba ka haɗa komai da shi ba. Kai ne ka ce a tona ƙasa, alhali ganye ya riga ya fisshe ku. Ka ɗora mana ƙafafu da hannuwa, namu da na jakunanmu, ba ka taɓa cewa ka san abin da ba ka sani ba. Na gode. Magarya ta gode, ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba. Allah Ya sanyaya maka tsufa yadda ka sanyaya wa mutane ciwo.

Ku kuma masu tasowa, na ga yanzu kuna zuwa makaranta, kuna dawowa da sunayen abubuwa. Madalla. Amma ku riƙa buɗe abu ku duba. Wanda ya fi ku sani ku tambaye shi, ko ɗan cikinku ne. In ba mai amsa, ku gwada, ku jira, in kun yi kuskure ku faɗa. Mode bai fi ku kai ba. Ya fi ku rashin jin kunyar tambaya.

Jiya na je gaishe shi. Hannun na rawa, ba ya iya riƙe aska. Na tambaye shi ko akwai abin da yake so. Na zaci zai ce goro. Ya ce abu guda ya tsaya masa a rai: ya gane abin da ya sa maɗaci ke mutuwa in an kewaye shi, amma har yau bai gane abin da ya sa kuka ba ta mutuwa ba. Ya tsaga ta, ya leƙa, ya tambayi Malam Zayyanu, shi ma ya ce bai tabbata ba.

To, ku malaman gona da na daji, daga Sakkwato har Zariya, in akwai wanda ya sani a cikinku, ya zo Magarya ya gaya masa. Kada ya aiko da takarda, Mode ba ya karatu, kuma zai yi tambaya ta biyu. Ya zo da ƙafarsa. Ya kuma yi sauri.